ICAN, ANAN ko ACCA: Wacce Zan Fara, Kuma Wane Aiki Zan Karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi digiri a fannin akanta, na kuma kammala hidimar ƙasa wata uku da suka wuce. Yanzu aiki biyu ne a gabana a nan Kano. Ɗaya a wani ƙaramin ofishin odita, albashin bai taka kara ya karya ba. Ɗayan a wani kamfanin dillancin kayan masarufi, in riƙe musu lissafi, za su ba ni kusan ninki biyu. Ina kuma son in yi jarrabawar ƙwararru, amma kowa da abin da yake gaya mini. Wani ya ce ICAN, wani ya ce ANAN ta fi sauƙi, wani ya ce ACCA ce ta duniya. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanya alheri a karatun. Tambayoyinka biyu a ɗaure suke da juna, domin takardar da za ka nema da aikin da za ka karɓa duk sun rataya ne a kan inda kake son ka tsinci kanka nan da shekara goma: a ofishinka kana sa hannu a rahoton kuɗin kamfanoni, ko a baitulmalin gwamnati, ko a banki, ko a ƙasar waje.

Bari mu fara sallamar ACCA, don maganarta gajeriya ce. Ƙungiyar ƙwararrun akantoci ce ta Birtaniya, an kafa ta a 1904, kuma takardarta tana da daraja a ƙasashe da yawa. A tsarin da ake kai yanzu jarrabawa 13 ce, ana zama sau huɗu a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma ta sanar da sabon tsari da zai fara a 2027. Matsalarta gare ka biyu ce. Komai da fam na Ingila ake biya, rajista da kuɗin shekara da kuɗin kowace jarrabawa, kuma ka san yadda naira ta koma tun 2023. Na biyu, ita kaɗai ba ta ba ka ikon sa hannu a matsayin odita a Najeriya, domin dokar kamfanoni ta tanadi sai ɗan ƙungiyar akantoci da dokar ƙasar nan ta kafa. Ƙari a kan haka, galibin masu rubuta ta a nan harajin Birtaniya suke karantawa. In ba ka da niyyar fita waje nan kusa, kuma babu kamfanin da zai ɗauki nauyinka, ajiye ta tukuna. Ba guduwa za ta yi ba.

Saura ICAN da ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci biyu na Najeriya. Dukkansu doka ce ta kafa su, dukkansu gwamnati ta amince da su, hanyar shiga ce ta bambanta. ANAN an kafa ta a 1979, ta sami dokarta a 1993, kuma tsarinta na makaranta ne: mai digiri ko babbar difloma a akanta zai shiga kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, ya ci jarrabawa kashi biyu, sannan ya yi shekara biyu yana koyon aiki a ƙarƙashin kulawa kafin a ba shi lambar CNA ta cikakken ɗan ƙungiya. Ma'aikatan gwamnati da yawa a Arewa ta nan suka bi, kuma ga wanda ya nufi ofishin akanta janar ko na odita janar, hanya ce mai kyau. ICAN kuwa dokar 1965 ce ta kafa ta, kuma ba ta tilasta maka zama a wata makaranta. Ka yi rajista, ka karanta inda ka ga dama, ka je ka zauna jarrabawa. Manyan ofisoshin odita irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY, da bankuna, da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, in ka duba tallar neman ma'aikatansu ICAN ko ACCA za ka fi gani. Tunda ayyukan da ke gabanka duk ba na gwamnati ba ne, ICAN ce ta fi dacewa da kai. Batun wacce ta fi sauƙi kuwa, kada ka gina zaɓinka a kansa, don wanda zai ɗauke ka aiki ba wannan zai tambaya ba.

Jarrabawar ICAN hawa uku ce, darussa 15 gaba ɗaya, kuma maki 50 ake buƙata a kowanne. Manyan zamanta biyu su ne na Mayu da na Nuwamba. Mai digirin akanta daga sashen da ICAN ta tantance ana yafe masa hawan farko, har da wasu darussa na hawa na biyu, gwargwadon matsayin makarantarsa. Tsarin shi ne ka fara yin rajistar ɗalibi, sannan ka nemi yafiyar ka biya kuɗinta, sai bayan ta fito ka cike fam ɗin jarrabawa. Mutane da yawa suna rasa zama guda cur saboda sun bar neman yafiya sai ana gab da rufe fam. Wani abin da ke tsayar da 'yan Arewa musamman shi ne suna: Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a ta jami'a, Muh'd a ta hidimar ƙasa. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa ka daidaita su tun yanzu. Za ka kuma buƙaci wani ɗan ƙungiyar da zai tsaya maka, kuma reshen ICAN na Kano shi ne wuri mafi sauƙi da za ka same shi. In kana da ƙani da ya gama sakandare yana sha'awar fannin, akwai ATSWA, jarrabawar ƙananan akantoci ta Yammacin Afirka, darussa 12 a kashi uku, ana yin ta a Maris da Satumba, ba sai ya jira digiri ba.

Yafiya tana da tarko. An ɗauke maka jarrabawar ne kawai, ba a ɗauke maka sanin abin da ke cikinta ba. Darasin rahoton kuɗi na hawa na biyu yana ɗauka cewa shigar da lissafi gida biyu (double entry), da gyare-gyaren ƙarshen shekara, da lissafin tsufan kadara, duk suna hannunka kamar ruwan sha. Wanda ya haddace su don cin jarrabawar aji biyu a jami'a ya manta, a nan yake fara tuntuɓe. Ka ware mako huɗu zuwa shida ka koma kan littafin hawan farko kafin ka taɓa na biyu. Littattafan ICAN suna shafinta na intanet, ana sauke su kyauta. Ka tabbata manhajar da ake kai yanzu ka sauke, musamman a haraji: sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, don haka littafin da wani ya ba ka aro na shekarun baya zai iya koya maka abin da aka riga aka soke.

Abin da ya fi kayar da mutane a ɗakin jarrabawa shi ne agogo. A tsarin da aka daɗe ana bi a hawa na biyu da na uku, ana ba da awa uku da minti 15, mintunan 15 ɗin na karanta tambayoyi ne. Minti 180 ga maki 100, wato kowane maki yana da minti 1.8. Tambayar dole mai maki 30 haƙƙinta minti 54, mai maki 20 minti 36, mai maki 15 minti 27. Ga yadda ake faɗuwa: mutum ya kama tambayar dole, ta haɗa lissafin uwar kamfani da 'ya'yanta, ɓangarori biyu suka ƙi daidaita, ya tsaya neman naira dubu biyu da ta ɓace har awa ɗaya da rabi ta wuce. Ƙila makin da yake nema bai fi biyu ba, amma ya bar tambaya guda mai maki 15 ko taɓa ta bai yi ba. Ana ba da maki ne a kan kowane mataki, don haka ka rubuta yadda ka samo kowane adadi a fili, ka sa masa lamba, in lokacin tambayar ya cika ka bar fili ka wuce. Bayan kowane zama ICAN tana fitar da Pathfinder, mai ɗauke da tambayoyi da amsoshi da rahoton masu duba takardu. Yawancin ɗalibai amsoshin kawai suke karantawa. Rahoton masu dubawan shi ne mai tsoka, don a nan ake faɗin inda mutane suka zame. Ka riƙa amsa tambayoyin baya da biro da takarda, agogo a gabanka, littafi a rufe.

Mai aiki kada ya ɗauki fiye da darussa biyu ko uku a zama ɗaya. Ka kuma lura da kalanda. Yawancin kamfanoni suna rufe shekararsu ranar 31 ga Disamba, kuma suna da wata shida su miƙa bayanan harajinsu, don haka daga Janairu zuwa Yuni ofishin odita ba ya numfashi. Zaman Mayu yana faɗowa tsakiyar wannan hidima. Ka ɗauki kaɗan a Mayu, ka bar masu nauyi sai Nuwamba.

Yanzu ga batun aiki. Da sharaɗi ɗaya da zan faɗa a ƙasa, ofishin odita za ka karɓa. Dalili na farko na doka ne. Cin jarrabawa da rantsarwa suna ba ka lambar ACA ta cikakken ɗan ICAN, amma lasisin buɗe ofishi da sa hannu a rahoton bincike sai wanda ya yi wata 36 yana koyon aiki a ofishin akantoci masu lasisi. Waɗannan watanni sun fi sauƙin biya yanzu, kafin aure da kuɗin makarantar yara. Akwai manajojin kuɗi masu shekara arba'in da ke son buɗe ofishi, amma ba za su iya komawa albashin ɗan koyo ba.

Dalili na biyu shi ne abin da ido zai gani. A kamfani ɗaya lissafi ɗaya za ka sani. A ofishin odita, cikin shekara za ka iya shiga littattafan makaranta, da asibiti, da masana'anta, da ƙungiyar agaji. Ɗauki misalin ƙidayar kaya a sito ranar ƙarshen shekara. Tirela ta sauke buhu 600 na sukari ranar 30 ga Disamba, ka ƙirga su da hannunka, sun shiga cikin kayan da suka rage. Amma takardar kuɗin dillalin ba ta iso ba sai 3 ga Janairu, mai riƙe lissafi ya shigar da ita a sabuwar shekara. A ce buhu naira dubu 70 ne. Kaya sun ƙaru da miliyan 42, sayayya ba ta ƙaru ba, bashin da ake bin kamfani bai nuna ba, riba ta kumbura da miliyan 42 da babu ita. Gano ta ba wuya: ka ɗauki takardun karɓar kaya na kwana biyar kafin rufe shekara da kwana biyar bayanta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa lejar sayayya. Wanda ya taɓa tsayawa a sito ya kama wannan da kansa, in ta fito a jarrabawa ba hadda zai rubuta ba.

Sharaɗin shi ne ofishin ya zama da gaske odita yake yi. Wasu ƙananan ofisoshi aikinsu bai wuce rajistar kamfani da neman takardar shaidar biyan haraji ba. Kafin ka amsa, ka tambayi mai ofishin cikin ladabi: yana da lasisi mai rai? Kamfanoni nawa suka bincika bara? Zai sa maka hannu a kundin koyon aiki? Ana ba da hutun karatu kafin jarrabawa, mako nawa? In za su biya maka kuɗin jarrabawa, shekara nawa za su ɗaure ka, kuma nawa za ka mayar in ka tafi? Duk abin da aka amince a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki. Kundin kuma ka riƙa cike shi wata-wata, don neman sa hannun shekara uku a rana ɗaya, bayan ka bar wurin, wahala ce da mutane da yawa suka sha.

In kuwa nauyin gida ya sa dole sai albashin kamfanin dillancin, ba laifi ba ne, kuma ba ya hana ka cin ICAN. Amma ka shiga da ido buɗe. A irin waɗannan kamfanoni aljihun maigida da asusun kamfani sukan zama ɗaya, za a turo yaro a ce Alhaji ya ce a ba da dubu ɗari biyar, ba bauca ba rasit. Tun makon farko ka buɗe shafi na musamman na abin da maigida ya ɗiba, ka riƙa kai masa ya sa hannu duk ƙarshen mako. Ka daidaita lissafin banki kowane wata, kada ka bari ya taru. Ka riƙe ranakun hukuma: harajin albashin ma'aikata zuwa 10 ga wata mai bi, harajin VAT na kashi 7.5 zuwa 21. Ka ƙware a Excel sosai, da ɗaya daga cikin manhajojin lissafi na kwamfuta, Sage ko QuickBooks ko Tally. Ranar da aka ce ka shirya littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na masu haraji, ka ƙi, domin sa hannunka ne a kai, kuma ICAN tana da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan mutum daga rajista.

Bayan rantsarwa, abin da za ka ƙara ya danganta da inda ka karkata. Mai son haraji ya nemi shiga CITN, cibiyar ƙwararrun haraji. Wanda zai riƙa sa hannu a bayanan kuɗin manyan kamfanoni sai ya yi rajista da hukumar FRC mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi, wadda dokar 2011 ta kafa, ya karɓi lambarsa. Mai son aikin gwamnati ya zurfafa a IPSAS, wato ƙa'idojin lissafin gwamnati na duniya, da tsarin asusun bai-ɗaya. Akwai kuma fagen da ke da kasuwa a Arewa amma masu shi ba su da yawa, wato lissafin bankin da ba ruwa. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, ana neman akantan da ya san yadda ake shigar da cinikayyar Musulunci irin su murabaha da ijara da mudaraba a littafi, kuma hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin lissafin bankunan Musulunci, tana da jarrabawarta a kan wannan. Sai dai duk waɗannan na gaba ne. A wannan makon, ka tattara takardunka ka duba sunan da ke kan kowacce, ka leƙa reshen ICAN ka ji darussa nawa za a yafe wa makarantarku, sannan ka koma wurin mai ofishin odita da tambayoyin nan biyar.