Gam ɗin sitika a jikin mota: ajiye tinar nan tukuna

Ka ce: "Oga, Corollar nan da aka kawo, mai ita ya ɓamɓare sitikun da ke ƙofa da but, gam ya zauna ya yi baƙi. In ɗibi tina a tsumma in goge, ko in bi shi da reza?"

Ko ɗaya, ɗana. Ajiye su, ka matso. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa, domin ɓarnar da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, za ta yi wa ƙofar nan a minti ɗaya, sai mun sake fesa ƙofar gaba ɗaya kafin ta gyaru, kuma daga aljihunmu.

Ka fara sanin abin da hannunka yake kai. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne. Akwai firama a ƙasa, sai launi, sannan wani garai-garai a sama da muke kira kiliya. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke tare wa launi rana, kuma kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Tina an yi ta ne don ta narkar da fenti, ba ta san wannan gam ne wancan kiliya ne ba, duk za ta ci. Ruwan goge jan farce na mata ma haka yake, har roba ma yana ɓatawa. Man birki kuwa ko kusa da jikin mota kada ya zo, fenti yake kumburawa ya saɓule. Fetur da kake ganin masu wankin mota suna shafawa, yana cire gam, ban musa ba, amma yana dusar da sheƙi, ga shi muna aiki kusa da mai walda. Ita reza, ko da hannunka bai yi rawa ba, bakinta sai ya bar zane.

Shi gam ɗin sitika ba kankare shi ake yi ba. Sassauta shi ake yi har ya saki da kansa. Abu biyu ke sa shi ya saki, ɗumi da maiƙo. Kuma kullum da mafi sauƙi ake farawa, sai ya ƙi ji sannan a ƙara ƙarfi.

Kafin komai ka wanke wurin da ruwa da sabulun mota. Baƙin da kake gani ƙura ce ta manne a gam ɗin, ƙura kuwa yashi ne. In ka murza tsumma a kai haka nan, ka zama kamar mai bin ƙofar da sanfefa. Yawancin zane-zanen da ake gani bayan an cire sitika daga nan suke fitowa, musamman lokacin hunturu.

Sai ka duba irin fentin. Nan ne yara da yawa ke tsallakewa, kuma nan ne nake so ka fi daɗewa. Tambayi mai mota ko an taɓa yi wa ɓangaren feshi, kuma yaushe. Motocin tokumbo da yawa an taɓa musu bamba ko ƙofa kafin su iso hannun mai saye, shi kansa bai sani ba. Fentin kamfani an gasa shi da zafi mai yawa, ya yi tauri. Namu na gareji iska ce ke busar da shi, yana ɗaukar makonni kafin ya ƙanƙame. Idan feshin bai yi wata guda ba, kada ka sa masa kananzir ko wani magani, ruwan ɗumi da sabulu kawai, ko a haƙura a jira. A kan feshin da ba a yi da kyau ba, jan sitikar kaɗai na iya tasowa da fentin. Don haka duk abin da za ka shafa, ka fara gwada shi a ɓoyayyen wuri, cikin bakin ƙofa ko bayan murfin tanki. Ɗiga kaɗan a farin tsumma, ka goga, ka duba. In launin motar ya fito a tsumman, wannan fenti ba shi da kiliya a kansa, ko kuma bai yi ƙwari ba. Ka tsaya ka kira ni.

Inda sauran sitika ta rage, ɗumama ta. Na'urar busar da gashi ta ishe ka. Riƙe ta nesa kamar tsawon tafin hannu, kana kaɗa ta, kada ta tsaya wuri ɗaya. Ma'auninka hannunka ne: in ba za ka iya ɗora tafinka a kan ƙarfen ka bar shi ba, zafin ya yi yawa. A kan bamba ka ƙara sassautawa, roba ce, tana lanƙwashewa. In babu wuta, jiƙa tawul da ruwan ɗumi mai sabulu ka shimfiɗa a kai. Ɗaga gefe da farce ko tsohon katin ATM, ka naɗe sitikar baya a kan kanta, kana ja a kwance sannu-sannu. In ka fizge ta sama, takardar za ta taho ta bar maka gam ɗin duka. Wanda ya rage yana da ɗumi, sau da yawa babban yatsa kaɗai zai murje shi ya dunƙule ya fita.

Wanda ya ƙi, shi ne na maiƙo. Amma fa ka bari ƙarfen ya huce, ka kai motar inuwa. Ɗumi na lokacin ɓamɓarewa ne kawai. In ka zuba magani a kan ƙofar da ta sha ranar bazara, zai bushe kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Man gyaɗa ma yana yi a gam mai sauƙi, irin na salatif ɗin da ake maƙala wa motar amarya, sai dai yana da jinkiri. WD-40, man feshin nan na gwangwani da ake sassauta noti mai tsatsa da shi, ya fi shi sauri. Kananzir shi ne abin da muka fi samu a kusa, kuma a kan fentin kamfani mai lafiya ba ya ɓarna in ba a bar shi ya daɗe ba. In mai mota zai biya, akwai maganin cire gam da kwalta da ake sayarwa a shagunan kayan fenti, ka duba an rubuta cewa na jikin mota ne.

Kada ka kwarara a jikin motar. Jiƙa tsumma, ka ɗora a kan gam ɗin, ka bar shi minti 2 zuwa 3. Wannan jiran shi ne aikin, ba ƙarfin damtse ba. Sannan ka share ta gefe ɗaya, ka ninke tsumman ka koma wuri mai tsabta, don kada ka yi ta yawo da gam ɗin a kan ƙofa. Tsumman ya zama mai laushi, tsohuwar singileti ta auduga ko tawul ɗin goge mota, ba wanda ya faɗi ƙasa ba. Sitikar da ta shekara a rana, irin ta kamfen da aka manta da ita tun zaɓen da ya wuce, gam ɗinta ya ƙone ya zama ɓawo. Wannan sai ka maimaita sau uku ko huɗu, tsakani kana tura shi da kati a kwance. Kada ka gaji ka ɗauko abin da na hana ka. Ka kiyaye kuma kada maiƙon ya gangara kan robar gilashi, da baƙar robar da ba a fesa ba, da murfin fitila, domin su ba su da juriyar fenti.

Tambarin mota da rubutun but suna zaune ne a kan soso mai gam fuska biyu. Ɗumama, ka zura zaren kamun kifi ta bayansa, ka riƙa ja hagu da dama har ya yanke, sannan ka bi soson da yatsa da kananzir. Sukundireba ba ta da aiki a nan. Supa gulu kuwa wani abu ne daban, maiƙo ba ya sa shi ya saki, in ka gamu da shi ka bar min.

Reza tana da wuri ɗaya, gilashi ta waje, a jiƙe, da sabuwar reza a kwance. Ban da cikin gilashin baya inda siraran layukan nan masu ɗumama shi suke, ban da gilashin da aka manna wa tint.

Da ka gama, sake wanke wurin da sabulun mota har maiƙo ya tafi, ka tsane shi. Duk abin da ya cire gam ya tafi da man kariyar da ke kan fentin, saboda haka ka shafa sabon folish mai kaki a wurin.

Saura abu ɗaya da ya kamata mai motar ya ji daga bakinmu tun kafin mu fara. Bayan gam ya fita sarai, mai yiwuwa siffar sitikar ta ci gaba da bayyana a ƙofar. Wannan ba gam ba ne. Fentin da ke ƙarƙashinta ne bai sha rana ba, na kewaye kuwa ya koɗe, kuma an fi ganin haka a jar mota. Shafa yatsa: in santsi ka ji babu danƙo, aikinka ya ƙare, kada ka ƙara gogawa. Folish mara kaifi a ƙofar gaba ɗaya yana rage bambancin, amma wannan da inji ne, kuma tare za mu yi, don a gefe-gefe da kan lanƙwasa kiliya ta fi siriri, nan da nan inji ke cinye ta.

Tura motar ƙarƙashin rumfa, nesa da mai walda, ka ɗebo ruwa. Ka fara da gwajin bakin ƙofa, ka kawo min tsumman in gani.