Amsoshin Tambayoyinku: Tocilar Aljihu da Ƙaryar da ke Jikin Kwali

Tambaya: Ni mai gadi ne a Kano. Ina neman ƙaramar tocila irin ta jami'an tsaro wadda za ta shiga aljihu. Na ga wata a Sabon Gari, an rubuta lumen 100,000 a kwalinta, batirinta kuma 9,900mAh, kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. In saya?

Amsa: Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, mu yi lissafi. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Ƙwan LED mai kyau yana ba da wajen lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Ke nan kafin a samu lumen 100,000 sai an ja wuta kusan wat 1,000, wato abin da dutsen guga ke sha. Ka taɓa ganin dutsen guga da ke aiki da batir ɗaya mai tsawon yatsa? Da gaskiya ne, batirin zai ƙare kafin minti guda, tocilar kuma ta toye maka tafin hannu.

Batirin ma ƙarya ce; mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka. Wanda ake sa wa irin waɗannan tocila sunansa 18650, domin kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Na gasken da manyan kamfanoni irin su Samsung, LG da Panasonic ke yi, iyakarsa wajen 3,500mAh. Duk wanda ka ga an buga masa 5,000 ko 9,900 a wannan girman, jabu ne, babu wani "wataƙila". Wasu tsofaffin batiran laftof ne aka sake wa riga, wasu kuma ɗan ƙaramin batir ne aka ɓoye a cikin babban gwangwani aka cike sauran da abin da ya samu. Gwajinsa mai sauƙi ne: na gaske yana da nauyin gram 45 ko ɗan fiye. Ka ɗora a ma'aunin masu sayar da zinariya. In ya tsaya a 30 ko ƙasa, ka mayar wa mai shi.

Abin da ya sa nake nanata wannan, ba asarar kuɗin kaɗai ba ce. Batirin litiyom na jabu, da cajarsa ta jabu wadda ba ta san tsayawa a bolt 4.2 ba, su ne ke kumbura su kama wuta. Mu kuma ɗabi'armu ita ce da NEPA ta kawo wuta tsakar dare a jona komai a kwanta, wani ma a kan katifa. Arha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuwa har gobara takan jawo. Mutum zai sayi ta banza sau huɗu a shekara, kowace ta mutu cikin wata biyu, kuma ya ce tsimi yake yi.

Ga abin da za ka nema. Jiki na alminiyom, tsawon santimita 11 zuwa 14, makunni a gindi yadda babban yatsa zai same shi a duhu ba lalube, da maƙali na aljihu. Lumen 800 zuwa 1,200 na gaske sun ishe ka haska harabar gida har bayan katanga. Ka sani kuma ko tocila ta kirki ba ta daɗewa a mataki na ƙoli; bayan minti ɗaya zuwa uku takan rage haske da kanta saboda zafi. Wannan ba lalacewa ba ce. Mai gadi da zai kwana da ita, matsakaicin mataki na lumen 150 zuwa 300 ne abokin aikinsa. Kamfanoni irin su Fenix, Nitecore da Olight suna rubuta awoyin kowane mataki bisa ma'aunin gwajin tocila da ake kira ANSI FL1; Sofirn da Convoy sun fi sauƙin kuɗi. Amma su ma ana buga jabunsu, don haka suna a jiki ba hujja ba ne. Kunna ta a shagon, ka kwance gindin ka duba ko akwai zoben roba da maiƙo a inda ake murɗa shi.

Tambaya: Ɗana yana tashi daga aiki bayan sallar isha'i, yana ratsa lungu mai duhu da kwatami kafin ya iso gida. Ba na iya barci sai ya shigo. Wace iri zan saya masa?

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare shi, ya kwantar miki da hankali. Kada ki wahalar da kanki da mai tsada. Ki nemi ƙarama mai cin batirin AA guda ɗaya ko biyu, wanda ake samu a kowane kanti ko da an yi kwana uku babu wuta. Lumen 150 zuwa 300 sun isa ya ga rami, maciji ko mutum daga nesa. Wadda ba ta da nauyi ita ce zai riƙa ɗauka kullum. Babba a gida za ta kwana. Ki gaya masa ya riƙe ta a hannu tun kafin ya shiga lungun, kuma kada ya dogara da fitilar waya, domin ɗaga waya a duhu gayyatar masu ƙwace ne. In za a ajiye tocilar fiye da wata, a cire batirin, don yakan yi yoyo ya cinye cikinta.

Tambaya: Wadda ke walƙiya da sauri, mai haƙora a baki, ko mai shokin, za ta kori ɗan fashi?

Amsa: A'a. Haske mai ƙarfi yana kashe ido na daƙiƙa biyu ko uku, lokacin gudu ne wannan, ba na dambe ba. Haƙoran kuwa, aljihu kawai suke yagawa. Mai shokin ta kasuwa kuwa tartsatsi da ƙara ta iya, kuma in jami'an tsaro suka same ta a jikinka a shingen bincike, kai za ka yi ta bayani.

Tambaya: Mai zuƙowa, wadda ake jan kanta haske ya matse, ba ta fi ba?

Amsa: Ba ta fi ba. In ka matse hasken, kaso mai yawa a cikin kan tocilar yake maƙalewa. Kuma jan nan da turawa kamar famfo yake: yana zuƙar ƙurar hunturu da laimar damina ya kai ciki. Nemi mai kai a kafe wadda aka rubuta wa IPX7, ma'ana za ta jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX4 fantsama kaɗai take ɗauka. Zoben robar kuma a shafa masa man silikon. Basilin yana iya lalata shi.

Tambaya: Tawa tana kunna kanta a aljihu, har ta ƙona mini rigar shadda.

Amsa: Sassauta murfin gindin da rubu'in juyi kafin ka sa ta a aljihu, wutar za ta yanke, kuma batirin zai daina tsiyayewa a banza. Batirin ajiya kuma a saka shi cikin ɗan akwatinsa na roba, kada ya haɗu da makullai ko kwabbai, kada a bar shi a mota cikin ranar watan Afrilu. Batirin da rigarsa ta roba ta yage, a daina amfani da shi. Masu tafiya Umara su lura: batirin litiyom da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a cikin kayan awo ba.