Wane inji ya dace da haɗa wasan waya?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa wasan da zai yi aiki a wayar Android, amma kwamfutarka ba ta da ƙarfi, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Unity, Unreal da Godot, wato manhajojin da ake haɗa wasanni da su, waɗanda ake kira inji.

Ni dai Godot zan ba ka shawara. Kyauta ne, ba ya cin wuri, kuma yaren da ake rubuta masa umarni da shi, GDScript, yana kama da yaren kwamfuta na Python. Har ma akwai nau'insa da ake sakawa a wayar Android a yi aikin a cikinta. Idan za ka fara, zaɓi tsarin zane na Compatibility, shi ne ƙananan wayoyi ke iya ɗauka. Unity ya fi yawan darussa a intanet, da yaren C# ake rubuta masa umarni, sai dai yana da nauyi. Unreal kuwa, bar shi tukuna.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne gwaji a kwamfuta kaɗai. Samu ƙaramar Itel ko Tecno, ka buga wasan minti 20, ka taɓa bayan wayar. In ta ɗau zafi ko hoton yana sarƙewa, rage girman hotunanka. Maɓallan ma su ishi babban yatsa.

Kafin ka sa wasanka a kasuwar manhajojinsu, Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, kuma sai da Mac, wato kwamfutar Apple, ake haɗa na iPhone. Ka adana makullin sa hannun manhajarka, wato fayil ɗin da ke tabbatar da cewa manhajar taka ce, wuri biyu, don Allah. Batun saka talla ko saye a cikin wasa, nemi wanda ya taɓa fitar da manhaja ya zauna da kai.