Gorar da ake ci a ƙasar Sin: shin za ta biya ɗan kasuwa a nan?

Wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce a zuwansa sarin kaya birnin Yiwu na ƙasar Sin an ba shi tohon gora a miya, ya ji daɗinsa, aka kuma gaya masa cewa manoma a can suna samun kuɗi da shi. Yana da gona a wajen Kano, yana so ya cire wani abu daga jarinsa ya shuka irin wannan gora.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gorar da ka ci kusan tabbas ita ce wadda ake kira moso, sunanta na kimiyya Phyllostachys edulis, kuma gundumar Anji da ta yi suna da ita tana lardin Zhejiang, lardi ɗaya da Yiwu. Riba biyu manomi ke ci a jikinta. Yana tono toho a ƙarƙashin ƙasa lokacin sanyi, ya sake cire wani a watannin Maris da Afrilu, sannan ya sare sandar da ta kai shekara 4 ko 5 ya sayar wa masu yin katakon daɓe, tabarma, takarda da tsinken cin abinci.

Sai dai abin da ba a gaya maka a kan tebur ba shi ne, moso gora ce ta ƙasar da ake sanyi na gaske, kuma tana son ruwan sama mai yawa wanda ba ya yankewa na tsawon watanni, domin saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa. Kano kuwa damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekarar rani ne da zafin bazara. Ko ka haƙa rijiyar burtsatse ka shayar da ita, ba ka da yadda za ka saya mata sanyi. A Najeriya, wuraren da za a iya gwada ta su ne tsaunin Mambila da wasu sassan Jos, kuma ko a can gwaji ne, ba abin da za a ɗora lissafin riba a kai ba.

Batun da ya fi damuna shi ne lokaci. Kai mutum ne da ya saba juya kuɗinsa sau da dama a shekara, ita kuwa wannan gora takan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin ta fara ba da amfanin kirki, idan da ƙwayar iri aka fara ma ya wuce haka. Labarin da ake yaɗawa cewa tana tsawon kusan mita ɗaya a rana gaskiya ne, amma a tsohon lambu ne wanda saiwarsa ta riga ta kafu. Saiwar kuma tafiya take a ƙarƙashin ƙasa, ta ɓulla a gonar maƙwabci idan ba a tare ta da rami ba. Shigo da dashe ko iri daga waje ma sai da izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su Najeriya.

Sannan wa zai saya? Toho ɗanye yana ɗauke da guba irin ta rogo mai ɗaci, dole a tafasa shi sosai (Japanawa da dusar shinkafa suke dafa shi), kuma kwana ɗaya ko biyu bayan cirewa yake fara ɗaci da tauri. Mutanenmu ba su san shi a tukunya ba, gidajen abincin Sinawa da ke Legas da Abuja kuwa suna iya samun na gwangwani.

Shawarata ita ce kada ka taɓa jarin shago. Idan harkar gora ta shiga ranka, ka dubi tamu ta gida wadda ta saba da zafi, wadda masu gini ke saye don tokare rufin kankare (dakin) da kafa matakala. Tsinken sakace ma, wanda ake yi da gora, daga waje ake shigo mana da shi, har Babban Bankin Najeriya ya sa shi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati a 2015. A zuwanka Yiwu na gaba, ka tambayi farashin injin fere tsinke da kayan gyaransa, ka dawo ka lissafa kuɗin wuta da na ɗauko gora daga kudu zuwa Kano, ka aiko mini da alƙaluman mu duba tare.