Tambaya da Amsa: Fitilata Tana Ƙiftawa, Amma Ba a Gane Saƙon

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Mabera, Sakkwato. Na haɗa ƙaramar fitila da allon Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake tsara masa umarni da kwamfuta) domin in riƙa aika saƙo da alamomin Morse, fitilar kuma tana kamawa tana mutuwa yadda na tsara, amma abokina ya kasa karanta ko kalma ɗaya. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Tunda fitilar tana amsa umarni, ina kyautata zaton wayoyinka lafiya lau suke, matsalar tana cikin tazarar da kake bari tsakanin alamomi. Wannan tsari da Samuel Morse da Alfred Vail suka samar, wanda aka aika shahararren saƙon tangaraho da shi daga Washinton zuwa Baltimo a 1844, a kan auna lokaci aka gina shi, kuma shirun da ke cikinsa yana da ma'ana daidai da ƙarar.

A ƙa'idar da duniya ke bi yanzu, ɗigo, wato gajeriyar alama, shi ne ma'auni ɗaya na lokaci, ja kuma, wato doguwar alama, ma'auni uku. Ana barin ma'auni ɗaya tsakanin alamomin harafi guda, uku tsakanin harafi da harafi, bakwai tsakanin kalmomi. Idan ka sa ɗigo ya ɗauki milisakan 100, ja zai zama 300, tazarar kalma 700, saurin kuwa ya kama kalma 12 a minti ɗaya. Ga misalin ɓarnar da rashin tazara ke yi: A ɗigo ne da ja, N kuma ja ne da ɗigo, saboda haka idan ka aika "an" ba tare da cikakken shiru a tsakani ba, abokinka P zai karanta. Ka lura kuma cewa idan manhajarka tana dakatawa ma'auni ɗaya bayan kowace alama, biyu kawai za ka ƙara a ƙarshen harafi.

Shawarata ita ce ka ƙara 'yar na'urar ƙara kusa da fitilar, domin kunne ya fi ido saurin kama wannan kiɗa, ballantana a hasken ranar Sakkwato da ke dushe ƙaramar fitila. Allon yana da tasa fitilar a ƙafa ta 13 wadda ta isa gwaji. Idan fitilar ta waje ce, kada ka jona ta ba rezista, wato abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga ta; mai om 220 ya wadatar.

Haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su da alama a tsarin na duniya, don haka ku aika b da d da k, ko ku yi yarjejeniya a kan alamominku tun kafin ku fara.