Amsa: Yaushe Kiristanci ya rabu da Yahudanci?

Malam, ka ce in Yesu Bayahude ne, ya aka yi mabiyansa suka zama addini daban? Abin bai faru rana ɗaya ba.

Almajiran farko Yahudawa ne zalla. Suna ibada a Haikalin Urushalima, suna kiyaye Asabar. Rigimar ta taso ne da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, musamman a Antakiya, garin da aka fara kiransu Kirista. Shin dole sai sun yi kaciya? Wajen shekara ta 49 aka zauna a Urushalima, aka ce ba dole ba.

Amma ni a ganina a bakin akushi aka fi jin zafin abin. Bitrus, babban almajirin Yesu, yana cin abinci da waɗannan sababbin shiga a Antakiya, sai ga mutanen Yaƙub, shugaban mabiya Yesu na Urushalima, sun iso, nan take ya tsame hannunsa ya ja gefe. Bulus, mai wa'azi ga waɗanda ba Yahudawa ba, ya tsare shi a gaban jama'a ya faɗa masa gaskiya. Ka ga, wanda ba ka iya haɗa kwano da shi, zumunci zai yi wuya.

A shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin. Yahudanci ya koma hannun malaman Attaura, coci kuwa ta cika da Girkawa da Romawa. A tawayen da Bar Kokhba ya jagoranci Yahudawa suka yi wa Rum, 132 zuwa 135, Kiristoci suka ƙi bin shi a matsayin Almasihu. Duk da haka, har ƙarni na 4 akwai Kiristocin Antakiya masu zuwa majami'ar Yahudawa, limamansu na ta faɗa.