Garaji jikin ɗaki ko a ware? Amsa ga mai gini da maƙwabci ya hana taɓa katangarshi

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga nan Maraɗi, ga saƙonshi na ɗan taƙaita:

"Salamu alaikum Metir. Ina da parsel 20 bisa 20 a wani sabon lotisma can bayan Ali Ɗan Sofo, takardar akt da sesiyo, wadda hukuma ta ba ni hilin da ita, na hannuna, gini ya kai lento. Lokacin da anka yi mini plan ba ni da mota shi ya sa ba a sa garaji ba, yanzu Allah ya hore. Maso ya ce tsakanin bangon ɗakina da katangar maƙwabci akwai metir 3, a ɗora kwano kawai a soka ƙarahuna cikin katangar a huda ƙofa ta shiga kulwar, an gama da kuɗɗi kaɗan. Maƙwabcin shi ya riga ni gini, shi kaɗai ya yi katangar, ya zo ya ce ko ƙusa kar a buga mishi. Uwargida kuma ta ce a yi shi can bakin portai a ware saboda gurup, wato injin wuta, da jarkokin isansi da nake ajewa. Ƙanena ya ce in kafa rumfa waje ƙofar gida kamar kowa. Wanne doka ta yarda da shi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri ya tsare motar.

Doka ba ta zaɓa ma kowa tsakanin garajin da ke manne da ɗaki da wanda ke ware ba, duka biyu halal ne a cikin hilinka. Abin da take kallo shi ne abin da ginin ya taɓa, katangar wani ce, ruwan sama ne zai zuba gidan wani, ko hanyar gwamnati ce anka ci. Kuma cikin shawarwari ukun da anka ba ka biyu sun taɓa abin da ba naka ba.

Mu fara da katangar tunda nan rigimar take. Hilinka na lotisma ne mai takarda, to in magana ta kai gaban alƙali ba al'ada za a bi ba kamar rigimar gona, rubutacciyar doka za a buɗe, wato kod sibil ɗin da munka gada tun zamanin Faransa kuma har yau lambobin ayoyin na nan yadda suke. Aya ta 653 ta ce katangar da ta raba gida da gida ana ɗaukarta ta tarayya ce sai in akwai takarda ko alama da ta nuna ta mutum guda ce. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa su ce ai katangar iyaka ta kowa ce. A'a. Kai da bakinka ka ce shi ya gina shi kaɗai kahin ka zo, in ya aza ta cikin hilinshi bayan born, wato alamar iyakar hili, kuma yana da masonshi da maƙwabta da za su shaida, to tashi ce, kuma ba ka da ikon soka ƙarhe ko jingina mata kwano ko da na rana guda. Maganar da ya faɗa ma ta ƙusa, ko da ta yi ɗaci, bisa doka yake.

Amma ƙofar ba ta ruhe ba. Aya ta 661 ta ba duk wanda hilinshi ke manne da katanga damar ya maida ta ta tarayya, dukanta ko wani yanki nata, in ya biya rabin kuɗɗin katangar da rabin kuɗɗin ƙasar da ta zauna bisa. Misali a ce tsawon da kake buƙata metir 6 ne kuma an kimanta shi jika 200, ka ba da jika 100 da rabin kuɗɗin ɗan siririn hilin da ke ƙarƙashinta, daga nan kun zama ku biyu ke da ita. Wannan haƙƙinka ne, ko ya ƙiya alƙali na iya tabbatar ma da shi. Sai dai ko bayan ka saya aya ta 662 ta ce ba za ka huda ta ko ka aza mata nauyi ba sai da yardarshi, in ya ƙi sai an kawo gwani ya duba ya faɗi yadda za a yi aikin ba tare da an cuce shi ba. To lissafa da kanka, kuɗɗin katanga, kuɗɗin gwani, kuɗɗin wisiye mai kai takardun shari'a, watanni ana kai da kawowa a tiribinal, da gaba da mutumin da za ku haɗu masallaci sau biyar kullum, duk don ka tsira da kuɗɗin poto huɗu. Ni dai ban ga riba ba, kuma ka san mu lauyoyi rigima ce abincinmu, in na ce ma kar ka shiga to ka yarda.

Kuma akwai abin da maso bai faɗa ma ba. Katangun gidajenmu galibi bulo ne anka jera don su tsare ido da awaki, tushensu bai da zurhi, ba a yi su don ɗaukar rufi ba. In iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashin kwanon ta ɗaga shi, da katangar za ta tahi, kuma in ta faɗa ma ɗiyan maƙwabci ko dabbobinshi aya ta 1382 na jiranka, wadda ta ce wanda laihinshi ya jawo ma wani ɓarna shi ke biya.

In dai garajin jikin ɗakin kake so, hanya mai sauƙi ita ce ka tada naka poto ko naka bango a cikin hilinka, ka bar ɗan tsakani da katangarshi, komi naka ya tsaya da ƙafarshi. Metir 3 ɗin nan in ka cire kaurin sabon bango zai ragu sosai, ka auna motarka da ƙofofinta a buɗe kahin a haƙa tushe, na ga wanda ya gama garaji tsaf sannan ya gane sai ya sauke iyali waje shi kuma ya hito a karkace. Kuma kahin komi ka nemo jometir, mai awon hili, ya tono born ɗin nan huɗu ya tabbatar da su, don a sabbin lotisma born na ɓacewa cikin rairayi ko yara su tuge ko wani ya gusa da ita da dare, aya ta 646 ma ta ba ka ikon tilasta maƙwabci a yi awon iyaka ku raba kuɗɗin. Wani lokacin awon ne ke nuna katangar da ake taƙama da ita rabinta cikin hilinka take, sai magana ta juya. Haka kai ma in tushenka ko bakin kwanonka ya ƙetare iyaka ko da taki guda ne, yana iya neman a rushe abin da ya shigo.

Sai ruwa. Aya ta 681 gajera ce, kowa ya yi rufinshi yadda ruwan sama zai zuba cikin hilinshi ko bisa hanya, ba gidan maƙwabci ba. Garajin da anka manna jikin ɗaki kusan kullum gangarenshi waje yake kallo, wato daga bangon ɗaki zuwa katanga, kuma sau da yawa har ruwan babban rufin ke sauka bisanshi ya ƙaru, duk ya tattara ya zuba gindin katangar mutum. Mu mutanen Maraɗi ba sai an yi muna wa'azin ruwa ba, ambaliyar 1945 ce ta tada garin daga bakin Gulbi ta hau da shi tudu, kuma kowa na ganin yadda ruwan Agusta ke cin rairayin unguwanni ya bar rami. Ka juya gangaren ya kalli gaba ko tsakar gidanka, ko ka sa indararo mai bututu ya kai ruwan inda ya dace.

Taga kuma, tunda Metir kuke kiranmu bari in ba ka metir ɗin: tagar da ke kallon gidan maƙwabci kai tsaye sai da tazarar metir 1 da santimetir 90 daga iyaka, wadda ke kallo a karkace santimetir 60, ayoyi na 678 da 679 ke nan, a katangar tarayya kuwa ba a huda komi sai da yardar ɗayan. Ramukan shan iska na garajin ka maida su wajen gidanka.

Yanzu maganar uwargida. A gaida Hajiya, don ita ta hi ku duka hangen nesa. Mota ko gurup in suna aiki cikin wuri ruhe suna hidda wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi, kuma ƙofar nan da maso ke so ya huda zuwa kulwar ita ce hanyar da za ta bi ta shiga ɗakunan kwana, ka tuna lokacin zahi ne kuran ke yawan ɗaukewa, lokacin ne kuma za a tada gurup da dare kowa ya kwanta. A Amurka inda garajin jikin gida ya zama ruwan dare, ƙa'idar gininsu ta hana ƙofar garaji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana, kuma ta sa a yi shamaki mai jure wuta tsakaninshi da gidan, su ma sai da sunka ga abin da sunka gani. Ƙara da jarkokin isansi cikin zahin Afirilu, tururinshi kaɗai ya isa, tartsatsi guda daga gurup ko wani ya kunna ashana. In wuta ta tashi daga wurinka ta ci gidan maƙwabci kuma anka tabbatar sakaci ne, biyan diyya na kanka, in an yi asarar rai ko rauni magana ta bar sibil ta koma hannun mai gabatar da ƙara. Garajin da ke ware can kusurwa bakin portai, da tsakar gida tsakaninshi da ɗakuna, ya rage wannan duka, illarshi kawai ya hi cin kuɗɗi don bango huɗu ne naka, yana cin hilin tsakar gida, kuma ranar ruwa za ka jiƙa kahin ka kai ɗaki. A parsel mai metir 400 akwai wurin.

Shawarar ƙanenka ita ce ba ta da ƙafa ko guda. Daga bakin born ɗinka zuwa waje hanya ce, dukiyar jama'a, ba a saida ta kuma daɗewa bisanta ba ya sa ta zama taka ko shekara 30 ka yi. Cewa kowa na yi ba hujja ba ce gaban meri, ranar da za a zo shimfiɗa pabe ko haƙa lambatu ko jan bututun ruwa za a sa ma rumfar jan fenti a ce ka kwashe, kuma ba ka da bakin neman ko dala. In rumfar wucin gadi ce ta dole to izinin meri ake nema, shi ma izini ne da ake iya janyewa kowane lokaci.

Batun takarda. Dokar tsara birane mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afirilu 2017 ita ce uwa a wannan fannin, kuma izinin gini, permi, daga ma'aikatar magajin gari yake hitowa bisa plan ɗin da ka kai. Plan ɗinka babu garaji ciki, ke nan abin da za ka ƙara bai cikin abin da anka amince ma. Ka koma wurin wanda ya zana ma ya ƙara shi, ka ɗauki kopin akt da sesiyo da tsohon permi in kana da shi ka tahi meri ta arondisma ɗinku, Maraɗi uku gare ta, ka tambayi sashen da ke kula da hilaye da gine-gine ƙa'idar wannan lotisma ɗin game da ja baya daga hanya da inda ake yarda a buɗe babbar ƙofa, don wanda ke bakin portai shi wannan ƙa'idar ta hi shafa. In ma tun farko ba ka ɗauki permi ba, wanda na san da yawa haka suke, wannan ce damar gyarawa gaba ɗaya tun gini bai ƙare ba. Amma ka riƙe wannan, permi tsakaninka da hukuma ne, bai ba ka haƙƙi ko kaɗan bisa katangar maƙwabci ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma na san zai zo, don Maraɗi ce. Garaji mai ƙofa bisa titi ba ya shekara biyu sai wani ya zo ya ce Alhaji ka ba ni haya in sa kanti ko in aje buhuhuwa. Ranar da ka ba ɗan kasuwa haya ka shiga dokar OHADA ta kasuwanci, ko da baki kunka yi ba takarda, kuma in ya yi shekara 2 yana sana'arshi a wurin yana da haƙƙin a sabunta mishi haya, in ka ce ya tashi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba sai ka biya shi diyyar tashi, in hayar ba ta da wa'adi kuma sanarwar wata 6 ake ba shi. Don haka kar ka miƙa makulli sai an rubuta.

Abin da zan ce ka yi cikin satin nan, ka dakatar da maso daga wancan gehen, ka samu maƙwabcin da kanka ba aike ba, ka ce mishi ka ji maganarshi kuma ba za a taɓa katangarshi ba, ka gayyace shi ya tsaya ranar da jometir zai zo. In daga baya kunka shirya har ya yarda ka sayi rabin katangar, kar ku tsaya ga "ba komi Alhaji", ku rubuta tsawon da anka saya da kuɗɗin da anka biya da abin da ya yarda a aza, ku sa hannu da shaidu biyu gaban mai unguwa, in da hali a kai wurin noter mai tabbatar da takardun yarjejeniya, saboda gobe gidan na iya komawa hannun magada ko wani baƙo da bai san alkawalinku ba. In kuwa maso ya riga ya huda wani wuri, ka sa a toshe a shafe da kuɗɗinka tun bai kira wisiye ya zo ya ɗauki hoto ya rubuta konsta, wato takardar shaidar abin da ya gani, ba, don da wannan takardar yake iya zuwa gaban alƙalin gaggawa, wanda ake ce ma refere, a tsaida ma aikin cikin ƴan kwanaki, siminti na sandarewa cikin buhu kana biyan mai gadi.